Afogato a Gaban Baba

Ni na jawo maganar, gara in faɗa da bakina tun da wuri. A gidanmu na Ƙofar Kware a Sakkwato kowa ya san ni da baki. In na ga abin dariya ba na iya kwana da shi a ciki, sai na sami wanda zan juye wa, kuma ba na duba wa ke zaune a gefe. Inna ta yi faɗa har ta gaji. Na yi aure, na koma Mabera, na haifi uku, ina koyarwa a makarantar 'yan mata, amma halin yana nan inda yake.

Autarmu ba haka take ba. Shekara tara na ba ta, ni na goye ta. Irin mutanen nan ce da za su yini a gida ba ka ji motsinsu ba, sai dai ka tarar an gyara abin da ya lalace. Ta gama jami'a, ta yi hidimar ƙasa, ta dawo ta zauna fiye da shekara biyu tana kai takardu ofis-ofis ana ce mata za a neme ta. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Amma na ga yadda take ramewa, na kuma ga ta daina zuwa bikin ƙawayenta don gudun tambayar nan ta "ina ake aiki yanzu?"

Sai ga ɗaya daga cikin kamfanonin nan masu sayar da kofi, masu rassa a Abuja da Kano, ya buɗe reshe a Sakkwato, cikin wani sabon rukunin shaguna. Suka nemi ma'aikata, ta nema, suka ɗauke ta, suka ce za su koya mata aikin. Kafin ta amsa musu sai da aka kai maganar gaban Baba.

Baba malami ne, ɗan malamai. Ya koyar da Larabci a makarantar gwamnati har ya yi ritaya, kuma har yau zaurensa ba ya rabuwa da magidanta masu ɗaukar karatun nahawu da fiƙihu. Ba mai faɗa ba ne, ba ya ɗaga murya. Abu biyu ne dai kowa ya sani game da shi: ba ya maimaita magana, kuma ba a hanzarta shi. In an kawo masa shayi sai ya yi ta juya shi tsakanin moɗa biyu har ya huce, ko da mota na jiran sa a ƙofar gida. Ya saurari Auta har ta gama, ya ce ya yarda, amma da sharaɗi. Ta fita da hijabinta, ta dawo kafin magariba, ranar da kuma ya ji abin da bai dace da gidan nan ba, aiki ya ƙare.

Wata uku tana aiki ban leƙa ba. Ni da kofi ba mu saba ba. Wanda na sani shi ne na gwangwani, wanda mijina ke kaɗawa a tsaye kafin ya kama hanyar wurin aikinsa a Kalambaina. Sai wata rana cikin bazara, muna tashi daga makaranta, rana kamar za ta fasa kai, wata abokiyar aikina ta ce mu je mu sha sanyin na'urar mutane, mu ga abin da ƙanwata ke yi.

Muna shiga ƙamshi ya tare mu, mai ɗan ƙauri-ƙauri, kamar ana suyar gyaɗa a maƙwabta. Bayan dogon teburin da ake karɓar oda akwai babban allo mai sunaye da hotuna. Na tsaya ina haɗa baƙi sai ka ce 'yar aji ɗaya. Akwai masu zafi, akwai masu sanyi, waɗanda ake markaɗa ƙanƙara da madara su yi kauri, sannan a tsiyaya musu baƙin kofi a kai yana gangarowa ta jikin roba. Shi wannan baƙin kofin mai ƙarfi, wanda bai wuce kurɓi biyu ba, shi suke kira esfireso, kuma kusan komai na wurin da shi ake haɗawa. A cikin akwatin gilashi ga wani kek mai laushi da aka jiƙa da kofi aka barbaɗa masa garin koko, wai shi tiramisu. Na ce wa abokiyata, wannan bawan Allah tun kafin a ɗanɗana shi an yi tir da shi. Muna cikin wannan dariyar na ji muryar Auta daga bayan injin haɗa kofin, a sarari, ba ko rawa:

"Afogato biyu."

Na waiwaya. Wasu magidanta biyu suka taso suka karɓa suka koma kujerunsu, kowa idonsa a ƙasa.

Duk Bahaushe ya san inda matsalar take. A cire haruffa uku na farko, abin da ya rage kalma ce da ba a faɗa gaban manya, ba a faɗa gaban yara, in ka ji ta a unguwa to faɗa ne ya kaure a bakin famfo. Ga kuma ƙa'idar kamfanin: duk abin da mutum ya nema, sai ma'aikaci ya maimaita masa sunan don kada a yi kuskure, in an gama haɗawa kuma a sake kiran sunan da ƙarfi. Na zauna ina kallon yadda masu saye ke kauce wa kalmar. Wani ya nuna hoto da yatsa. Wata ta ce "irin na waccan matar". Wani dattijo ya ce a ba shi "aho ɗin nan", ya tsaya a nan, ya yi gyaran murya. Auta kaɗai ke faɗin ta cikakkiya, sau nawa a yini Allah ya sani, fuskarta kamar tana cewa a kawo ruwa.

Shi na ce ta haɗa mini, don in ga ƙarshen abin. Ta ciro ƙaramin tambulan daga firiza, sanyi har yana hayaƙi, ta sa dunƙulen farin askirim guda ɗaya. Ta niƙa 'ya'yan kofi a lokacin, ta auna garin, ta danne shi da wani ɗan ƙarfe mai faɗin kai, ta ɗaura a injin. Idonta na kan siririn ruwan da ke zubowa, ta tsayar da shi daidai inda take so. Ta zuba a kan askirim ɗin a gabana, ta ce, "Yaya, sha yanzu."

Cokalin farko ya rikita ni. Zafi da sanyi a lokaci guda, ɗaci ya fara isowa, zaƙi ya biyo bayansa ya lallashe shi. Na sha abubuwa a rayuwata, amma ban taɓa shan wanda ya sa na yi shiru ba sai ran nan, abokiyata ma sai da ta yi magana a kai. Na kalli hannuwan yarinyar nan da na goya, yadda ba sa ɓata motsi ko ɗaya, na ji ta burge ni har cikin raina.

Da wannan na kai gida da ba a yi haka ba. Abin dariyar na kai.

Washegari na biya Ƙofar Kware na tarar da Inna tana tsintar shinkafa a ƙarƙashin rumfa. Na zauna na kwashe labari tas, har da kwaikwayon murya, har da dattijo mai "aho". Na ja farkon kalmar, na dakata, sannan na saki ƙarshenta ƙasa-ƙasa, don a nan daɗin labarin yake. Inna ta rufe baki da gefen mayafi tana ce mini in ji tsoron Allah, amma kafaɗunta na rawa. Abin da ban kula ba, Goggo na kwance a tabarma bayan randa. Goggo yayar Baba ce, ta dawo gidan tun rasuwar mijinta. Kullum kukanta kunne ba ya ji, sai dai ban taɓa ganin maganar da aka yi a ɓoye ta wuce ta ba. Ta tashi ta gyara ɗaurin zane ta ɗauki butarta.

Kafin yamma magana ta isa zaure, kuma ba yadda na faɗe ta ta isa ba. Abin da aka gaya wa Baba shi ne 'yarsa na tsaye gaban maza baƙi, daga safe har yamma, tana ɗura ashar.

Da Auta ta dawo ya sa aka kira mu, ni da ita. Muka durƙusa a bakin shimfiɗarsa. Ya rufe littafin da ke gabansa, ya sa tsinke a inda ya tsaya.

"An kawo mani magana," ya ce. "Ba ni yanke hukunci bisa abin da ban ji ba. Alhamis ba karatu, zan tahi in ji da kunnena. In abin da anka hwaɗi gaskiya na, Auta, kin san sharaɗinmu."

"Na sani, Baba."

Ya juyo gare ni. Bai kira sunana ba, ni ce 'yar fari, bai taɓa kira ba. "Ke kinka san wurin, ke za ki kai ni."

Da muka fito na kama hannun Auta zan fara bayani. Ta zare shi a hankali. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, ni kuwa da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Yaya, shekara biyu ina zaune." Ta shige ɗaki.

Kwana ukun nan ban ji daɗin abinci ba. Na kira ta a waya na kawo mata dabaru iri-iri. Ta roƙi shugaban reshen ya ba ta hutu ranar. Ko ta koma ciki wajen wanke-wanke. Ko in Baba ya nema ta ce ya ƙare. Ta ce ba za ta yi wa Baba ƙarya ba, ba kuma za ta ɓoye masa aikinta ba. Na ce to ki ce "kohi da askirim", ai shi ke nan, wa zai kama ki? Ta ce, "Ba shi na sunanai ba, Yaya." Na fara ɗaga murya, ina cewa taurin kai zai raba ta da aiki, sai na tuna wa ya jawo, na yi shiru da kaina.

Ranar Alhamis bayan la'asar na ɗauki Baba a mota. Ya sa farar rigarsa ya naɗa rawani kamar mai zuwa ɗaurin aure. A hanya carbi kawai yake ja.

Wurin da mutane ranar. Samari da kwamfutocinsu, mata da yaransu, wasu ma'aikata da suka taso daga ofis. Shigar Baba ta sa aka rage murya. Shugaban reshen, wani mutum mai fara'a, ya taso da sauri zai kai shi kujera. Baba ya tambaye shi yadda ake yi a nan. Ya ce ana bin layi ne a faɗi abin da ake so, amma shi Malam ya zauna a kawo masa. Baba ya ce a'a, yadda kowa ke yi ya zo gani. Ya tsaya bayan wasu 'yan mata biyu, su kuma suka rasa inda za su sa kansu.

Yana layi yana karanta allon, leɓɓansa na motsi. Ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Wanne na?" Na nuna masa da haɓa. Ya karanta. Na ga lokacin da ya kai ƙarshen kalmar, don gemunsa ya ɗan motsa.

Layi ya zo kansa. Auta na tsaye cikin hijabi ruwan toka, ta ɗaura ƙyallen aiki a kai. Ta rusuna ta gaishe shi, ya amsa. Ya ɗaga yatsa ya nuna hoton.

"Wanga za ki ba ni."

Shugaban na tsaye a gefe. Ni ina bayan Baba ina roƙon Allah a zuci ta yi shiru, ta danna na'urarta kawai, ba wanda zai ce mata don me. Ta sunkuyar da ido, ta faɗa da irin muryar da na ji ran farko, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

"Afogato ɗaya."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba ya dube ta na ɗan lokaci.

"Wane harshe na?"

"Italiyanci na, Baba."

"Kalma guda ta ko biyu?"

"Guda ta."

"Mi ma'anarta?"

"Wanda ya nutse. Ana zuba kohi bisa askirim har shi nutse."

"Algariƙu," in ji Baba, a hankali, yana gaya wa kansa. Haka ake ce wa wanda ruwa ya ci da Larabci. Ya gyaɗa kai sau ɗaya ya matsa gefe.

Na ɗan sami numfashi, amma na san Baba, gyaɗa kai ba hukunci ba ne. Ya zo ya ji kalma, ya kuma zo ya ga ko abin da 'yarsa ke yi sana'a ce, ko kuwa tsayuwa ce kawai gaban jama'a a cikin sanyin na'ura. In ya ga na biyun, kalmar ko wankakkiya ce ba za ta cece ta ba.

Ya zaɓi teburin da ke kallon injin. Ya bi hannuwanta da ido tun daga niƙa har zuwa tsiyayawa. Ta sake kiran sunan yadda ƙa'ida ta ce, sannan ta kawo masa da kanta, ta durƙusa ta ajiye, ta ce ya sha yanzu. Layi na jiran ta, ta koma.

Baba bai kai ga ɗaukar cokali ba sai ga wani mutum cikin babbar riga ya zube a gabansa. Wani Alhaji ne, tsohon ɗalibinsa, yanzu babba ne a wata ma'aikata, ya yi shekaru bai gan shi ba. Aka fara gaisuwa. Ina gajiya, ina iyali, yaya zafi, yaya ƙarfin jiki, yaya mutanen gida, yaya karatu. Aka koma kan waɗanda suka rasu, aka yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya. Aka dawo aka sake ina gajiya. Gaisuwar Sakkwato ce, ba a yanke ta, kuma ni ba ni da bakin da zan tsoma a tsakanin malami da ɗalibinsa. Baba ma ya ture tambulan ɗin gefe da bayan hannu, ya ce bari shi huce. Ina zaune ina kallon farin dunƙulen nan yana raguwa, yana karkacewa, har ya ɓace. Na hango Auta ta ɗago sau biyu daga bayan injin.

Da Alhajin ya ja kujera ya zauna, abin da ya rage a tambulan ruwa ne mai launin ƙasa, ba zafi, ba sanyi. Baba ya yi bisimilla ya kurɓa. Ya ajiye.

"Kunu na mai ɗaci," ya ce. "To, mun gani."

Ya fara tattara hannun rigarsa zai tashi. Na san wannan "mun gani" tun ina yarinya. Da ita ya sallami mai neman auren da bai yi masa ba, da ita ya mayar da littafin da aka kawo masa mai kurakurai.

Sai na ga Auta ta yi wa shugabanta magana a kunne, ta zagayo. Ta durƙusa gaban Baba, ta ɗauke tambulan ɗin daga gabansa.

"Baba, ba ka sha ba tukuna. Wanga ya lalace, ba shi na aikina ba. A ba ni minti biyu."

A gidanmu ba a ce wa Baba ya dakata. Inna da ta yi shekara arba'in da shi, in tana son ya jira sai ta ɓoye masa takalmi ta ce ana nema. Ya dubi Auta, ya dubi tambulan ɗin da ke hannunta. Ya saki rigarsa ya koma ya zauna.

Wannan karon ba ta haɗa a can ba. Ta kawo faranti, a kai ga tambulan mai hayaƙin sanyi da dunƙulensa, ga esfireso daban a wani ɗan ƙaramin mazubi, ga cokali. Tana durƙusawa Alhajin ya gyara zama ya ce, "Af, Malam, ban ba ka labarin abokin karatunmu ba, wanda..."

"Alhaji, a gafarce ni," in ji Auta. "A ara mani Baba minti guda."

Alhajin ya tsaya da baki buɗe. Ita kuwa ta ɗauki cokali ta sa a hannun Baba, ta tsiyaya baƙin kofin a kan askirim, tururi ya tashi.

"Baba, yi bisimilla yanzu. Wanga ba shi jira."

Ya yi. Ya kai cokalin farko baki, ya tsaya. Na ga girarsa ta ɗaga. Na biyu ya fi na farko sauri. Mutumin da ke ɗaukar rabin awa kan shayi, ban ƙirga ba, amma ba na jin ya yi minti biyu. Da cokali ya daina kamawa ya ɗaga tambulan ɗin ya shanye sauran, ya shafa gemu, ya yi hamdala.

"Don mi na hwarko bai yi haka ba?" ya tambaye ta.

Ta yi masa bayani tana durƙushe, a taƙaice. Daɗin abin a haɗuwar zafi da sanyi yake, in ɗaya ya cinye ɗaya ya tashi daga aiki. Dole tambulan ya fito daga firiza, dole askirim ya kasance da taurinsa. Shi kuma kofin, in ya daɗe yana zuba ɗaci ya yi yawa, in aka yanke shi da wuri tsami ya fito, don haka ƙirgawa take a zuci. Ta ce ko laushin niƙan sai ta gyara shi sau biyu a yini, na safe daban, na rana daban, don in gari ya ɗauki zafi ruwan ba ya bi ta cikin garin yadda ya bi da safe.

"Su sunka koya maki wanga?"

"Sun koya mani na Abuja, Baba. Na Sakkwato ni na gano, zahinmu daban na."

Baba ya saurare ta da irin fuskar da yake yi in ɗalibi ya warware jimla mai wuya daidai. Bai yaba ba, ba ya yabo a gaban mutum. Ya juya ga Alhajin ya ce, "To, ina labarin?" Auta ta kwashe kayanta ta koma bakin aiki, na ji ta tana kiran oda ta gaba.

Muka shiga mota muka kama hanya har muka kusa gida. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ke kinka kai magana gida."

"Ni ta, Baba."

"To."

Ba al'adarsa ba ce ya zauna tsakar gida da rana, amma ran nan ya wuce zaure ya sa aka shimfiɗa masa tabarma kusa da rumfa. Inna ta fito daga madafa. Goggo dama tana nan zaune tun fitarmu, ta kafa kujera tana fuskantar ƙofa. Ba wanda ya tambaye shi yadda aka yi. Muka zauna har Auta ta yi sallama, rana ta yi ja. Ta zo ta durƙusa, jakarta ma ba ta ajiye ba.

Baba ya dube ni. "Hwaɗa ma Goggonki sunan abin da na sha. Duka, da ma'anatai."

Na buɗe baki. Ni da nake tsayawa gaban yara sittin in yi awa ina magana, ni da ba a taɓa cin ni da baki a gidan nan ba. Na ce, "Afo..." na tsaya. Na sake gwadawa, ya ƙi fita. Goggo ta kara tafi a kunne ta ce, "Mi? Ɗaga murya, ba ni ji." Inna ta kau da kai. Sai a lokacin na gane ban taɓa faɗin kalmar a haɗe ba. Tun ran farko a rabe na ɗauke ta, a rabe na kawo ta gida, kuma a rabe take zaune a bakina, gaban Baba ba ta fitowa.

"Kin gani," in ji Baba. "Ita kalma guda taka hwaɗi, ta mutanen wata ƙasa. Ke kinka raba ta biyu, kinka ɗauko rabin da ya ba ki dariya."

Kunya ta ishe ni, kuma na cancanta.

Ya juya ga Goggo, ya sassauta murya. "Yaya, shekara arba'in ina karantar da Larabci. Akwai kalmomin da in mun iso gare su ɗalibai na sunkuyar da kai suna ɓoye dariya, don sun yi kama da wani abu a Hausa. Ban taɓa tsallake ko guda ba. Na ji ta da kunnena yau. Ba ashar a bakinta."

Goggo ta taɓe baki ta ce ita dai kada a kawo mata shi gidan ga, ko da wane suna.

Auta na nan durƙushe. An wanke bakinta, amma ba a ce mata komai kan aikin ba, kuma ita ba za ta tambaya ba. Aka kira sallar magariba a masallacin unguwa. Baba ya miƙe a hankali, ya kaɗe rigarsa, ya ɗauki buta, ya nufi zaure. Har ya kai bakin ƙofa, sai ya tsaya.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Gobe ƙarhe nawa za ki hita?"

"Takwas, Baba."

"To, kada ki makara. Abin naku ba shi jira."

Ya fita. Auta ba ta tashi ba. Ta kifa kai a kan jakarta, kafaɗunta suka fara rawa, kukan da ba ta yi ba kwana uku ya zo mata gaba ɗaya. Na matsa kusa da ita. Ina da maganganu da yawa da na shirya tun a mota, ban faɗi ko ɗaya ba. Na kama hannunta. Wannan karon ba ta zare ba.